Filin Kiwo da Noma: Marayan Ɗan Tunkiya a Hannun Yara

Da shigowar hunturu wasiƙun da ke zuwa wannan fili sun karkata wuri guda: tunkiya ta mutu ko ta ƙi ɗanta, an shigo da shi cikin gida, yara sun ce nasu ne. Mun zaɓi bakwai daga ciki, likitocin dabbobi da malaman gona da ke amsa tambayoyin filin suka duba su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Bara wata tunkiyata 'yankasa ta haihu da asuba, kafin azahar ta mutu. Muka ɗauko ɗan, yara suka dama masa madarar gari suna ba shi, yana sha sosai, amma a kwana na uku shi ma ya bi uwar. Bana ina da masu ciki. Me zan yi idan hakan ta sake faruwa? Daga wani magidanci, Birnin Yero.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar da alheri. Bisa yadda ka bayyana, abin da ya fi yiwuwa shi ne ɗan bai sha dakashi ba, ko ya sha abin da bai kai ya kawo ba. Ɗan tunkiya yana zuwa duniya ba shi da garkuwar jiki ko kaɗan, don ba ta ratsawa daga uwa zuwa ɗa a cikin ciki. Duk kariyarsa tana cikin wannan nonon farko mai kauri, mai launin ɗorawa. Hanjinsa kuma a awannin farko kaɗai yake iya zuƙe ta. Bayan awa 6 ƙofar ta fara rufuwa, bayan awa 24 ta rufe. Shi ya sa ɗan da ya rasa dakashi yakan yi kwana biyu lafiya lau, sai zawo ko ciwon huhu ya kayar da shi farat ɗaya.

Ma'aunin shi ne mil 50 ga kowane kilo na nauyinsa cikin awa biyu na farko, sannan a cika mil 200 ga kowane kilo kafin awa 24 ta cika. Ɗan 'yankasa yakan zo da kilo 2 zuwa 3, na balami da uda sun ɗan fi haka. Ke nan mai kilo biyu da rabi zai sha mil 125 a karon farko, jimilla rabin lita a wuni da kwana, a raba masa sau huɗu ko biyar. Ka saka shi a jaka ka rataya a sikeli mai ƙugiya, kada ka auna da ido.

Ina za a samu dakashin? In uwar wahalar haihuwa ce ta kashe ta ba cuta ba, a tatse ta nan take tun jikinta da ɗumi. In ba haka ba, a nemi wata tunkiya ko akuya da ta haihu a ranar, ko a maƙwabta ne. Na saniya ma yana yi, sai dai kitsensa bai kai na tunkiya ba, don haka a ƙara kusan kashi ɗaya bisa uku a kan ma'aunin. A riƙa kuma duba cikin fatar idonsa a mako na biyu da na uku, don dakashin wasu shanun yana jawo wa 'ya'yan tumaki ƙarancin jini. Ba a tafasa dakashi. Wuta tana daskarar da shi, ta kashe amfaninsa. A zuba a kwalba, a tsoma kwalbar a kwanon ruwan ɗumi. In an rasa gaba ɗaya, a kaɗa ƙwai ɗaya da cokalin shayi ɗaya na gulukos a rabin litar madara. Wannan zai riƙe masa rai, amma babu garkuwa a cikinsa, don haka tsaftar wurin kwanansa sai ta ninka.

Abu na biyu sanyi ne. Daren Disamba da Janairu a Kaduna ya ishi jiƙaƙƙen ɗan tunkiya mutuwa. Ka goge shi da tsumma har ya bushe, ka sa shi a kwali da busasshiyar ciyawa, da kwalbar ruwan ɗumi a naɗe da zane. Kada a kai masa kaskon gawayi ɗaki a rufe, hayaƙin da ba a gani yana kashe dabba da yaran da ke gadinta. Ka sayi ma'aunin zafi a kemis, ana sa shi a dubura: 39 zuwa 40 lafiya ne, ƙasa da 37 hatsari ne. In babu, sa yatsa a bakinsa. In ka ji sanyi kuma bai tsotsa ba, sanyi ya kama shi. Wanda ya wuce awa biyar da haihuwa, a fara ba shi abinci kafin a ɗumama shi, don kitsen da ya zo da shi ya ƙare, ɗumi ba abinci yana iya sa shi fizge-fizge ya mutu. Amma in ba ya iya ɗaga kai, kada a ɗura masa komai, huhu zai tafi. A shafa masa gulukos a dasashi, a nemi likitan dabbobi ya yi masa allurar gulukos.

Kada ka manta cibiya. A tsoma ta cikin aidin da zarar an haife shi, a sake bayan awa shida. Ban da toka, ban da kashin shanu, ban da baƙin mai. Ta cibiya ƙwayar cuta ke shiga ta sauka a gwiwa, sai ka ga ɗan kwana goma yana ɗingishi da kumburarrun gaɓoɓi.

Tambaya: Muna da maraya ɗan kwana biyar, ya sha nonon uwarsa kwana ɗaya kafin ta mutu. Yarana uku, masu shekara 4, 7 da 10, kowa so yake shi zai ba shi. Wace madara ta dace, nawa zai sha, kuma wane aiki zan bar wa yaran? Daga wata uwa, Rigachikun.

Amsa: Malama, tambayarki ta ƙarshe ita ce ta fi muhimmanci, kuma da ita za mu fara. Marayan da ke gidan da akwai yara ba kasafai yunwa ke kashe shi ba, ƙoshi ne. Ɗan tunkiya ba ya cewa ya isa. Ko yanzu ya gama sha, in ya ga kwalba zai yi kuka yana kaɗa wutsiya, yaro kuma tausayi ne da shi. Wannan ya ba shi kafin ya tafi boko, wancan ya ba shi da ya dawo Islamiyya, ƙaramar ta ba shi a ɓoye. Saboda haka haɗa madara da auna ta su zama a hannun babba ɗaya, ke. A ɗaura zare a jikin kwalbar daidai inda madarar za ta tsaya, a kuma manna takarda a bango, duk wanda ya ba shi ya ja layi. In layin lokacin ya cika, magana ta ƙare.

Madarar tunkiya ta fi ta saniya kauri nesa ba kusa ba. Kitsenta yakan kai kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari, na saniya bai cika wuce 4 ba. Wadda ta fi kusa da ita cikin abin da ke hannunmu ita ce ta akuya, sai ta saniya sabuwar tatsa wadda ba a cire mata mai ba. In daga ruga za a sayo, a ce madara ake so, ba nonon kasuwa ba, don shi an tsame mansa, sau da yawa kuma an sirka shi da ruwa da kuka. A tafasa ta saboda bakkale (cutar da ke sa dabbobi ɓari) da tarin fuka, a bar ta ta huce, a kaɗa gwaiduwar ƙwai ɗaya a kowace lita don cike giɓin kitsen. In madarar gari ce, a sayi mai cikakken kitse irin su Peak ko Nido, a dama yadda aka rubuta a jikin gwangwani, wato wajen giram 130 ya ba da lita ɗaya. Kada a ƙara gari don ta yi kauri, zaƙin madarar ne zai yi yawa ya sa zawo. Madarar jarirai ba ta dace da shi ba, haka madarar ruwa mai sukari. Koko, kamu, shayi da madarar waken suya duk a ajiye su, cikinsa bai iya narka su ba tukuna. Duk wadda kika zaɓa ki tsaya a kanta, sauya madara yau da gobe kansa yana kawo gudawa.

A wuni yana buƙatar kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na nauyinsa. Mai kilo 3 zai sha mil 450 zuwa 600. A wannan makon na farko ki ba shi mil 100 sau biyar, kuma lokutan salla sun isa agogo: bayan asuba, da hantsi, bayan azahar, bayan magariba, sai kafin a kwanta. Mako na biyu mil 150 zuwa 180 sau huɗu. Daga mako na uku mil 200 zuwa 250 sau huɗu, daga baya a mayar sau uku. Kada jimillar ta wuce lita ɗaya a wuni ko da ya girma, a bar masa 'yar yunwar da za ta kai shi ga harawa. Ɗumin madarar ya zama na jiki, ki ɗiga a bayan hannunki, in kin ji zafi to ta yi masa zafi.

Fidar jarirai tana yi, ko a sa robarta a bakin kwalbar lemo. Ramin robar shi ne inda ake yawan kuskure. In aka kifa kwalbar, madara ta riƙa ɗiga ɗaya-ɗaya. In tana tsiyaya, ramin ya yi girma, a canza roba. Yara sukan faɗaɗa shi da reza don a gama da wuri, ki sa ido a kan wannan. Ya sha yana tsaye da ƙafafunsa huɗu, kwalbar a daidai tsayin hantsar uwa, wuyansa a ɗan miƙe. Kada a rungume shi a kwantar da shi rigingine, madarar za ta sarƙe shi ta shiga huhu, bayan kwana biyu ki ji yana tari yana numfashi sama-sama. In ya gama, ki dubi kwiɓinsa. Ya cika ya yi daidai da haƙarƙari, kada ya turo waje.

Mai shekara goma zai iya wanke kwalba da roba da ruwan zafi da sabulu bayan kowane sha, ya share wurin kwana, ya riƙe takardar bango. Mai bakwai ta riƙe kwalba kina tsaye. Mai huɗu ya zauna kusa ya shafa bayansa, sannan a kai shi ya wanke hannu. Aiki ɗaya da za ki riƙe da kanki a makon nan shi ne duba ƙarƙashin wutsiya. Kashin madara rawaya ne mai danƙo, yakan bushe ya toshe dubura. Uwa da harshe take share shi, ke sai ki sa tsumma da ruwan ɗumi.

Tambaya: Ni ɗalibi ne, shekarata 13. Ɗan ragona yana da mako uku, tun jiya yake zawo. Na abokina kuma cikinsa ya kumbura bayan ya sha madara, kafin dare ya mutu. Ina tsoron kada nawa ya mutu. Daga Kawo.

Amsa: Sannu ɗanmu, kuma ka kyauta da ka tambaya da wuri. Ka kira Baba ko Mama ku karanta wannan tare.

Ka fara duba shi kansa kafin kashin. In yana tsalle, yana neman kwalba, kashin kuma rawaya ne mai laushi, yawanci madara ce ta yi yawa. Ka rage kashi ɗaya bisa uku na kwana biyu. In kashin ruwa ne tsululu, idanunsa sun faɗa, ka ja fatar wuyansa ta tsaya ba ta koma ba, to ruwan jikinsa ne ke ƙarewa, kuma shi ne ke kisa. A sayo ORS a kemis, a narka ƙunshi ɗaya yadda aka rubuta a jikinsa, a ba shi mil 150 zuwa 200 a madadin sha ɗaya ko biyu. Daga nan a riƙa jerantawa, madara, bayan awa biyu ORS, bayan awa biyu madara. Kada a hana shi madara fiye da wuni ɗaya, ORS ba abinci ba ne. Kada kuma a haɗa masa ruwan gishiri da sukarin shayi irin na mutane, cikin ɗan tunkiya ba ya narka wannan sukarin, zawon zai ƙaru. Gulukos ake sawa.

In ka ga jini ko majina a kashin, ko ya yi baƙi, yana yunƙuri yana kuka, tsakanin mako uku zuwa takwas wannan yakan zama koksidiya, wadda ke yaɗuwa a jiƙaƙƙen wurin kwana. Tana da maganinta, likitan dabbobi zai auna masa gwargwadon nauyinsa. Haka in zafinsa ya haura 40.5 ko ya ƙi tsotso sau biyu a jere. Kada a fasa masa ragowar kafson mutane a madara.

Na abokinka kuwa kumburin ciki ne da ke kama 'yan kwalba, musamman daga mako biyu zuwa huɗu. Idan madara mai ɗumi ta shiga da yawa lokaci guda, wasu ƙwayoyin cuta suna samun zaƙinta su hayayyafa, iska ta cika cikin cikin rabin awa zuwa awa ɗaya, ya yi tauri kamar ganga. In ka ga haka ka tsayar da madara, a narka cokalin shayi ɗaya na garin bakin soda (baking soda) a ruwan ɗumi kaɗan a ba shi a hankali in yana haɗiya, a garzaya wurin likita. Kada kowa ya huda cikin da allura a gida. Rigakafinsa ƙaramin rami a roba, da sha kaɗan-kaɗan sau da yawa. Akwai kuma dabarar da masu kiwon tumaki da yawa ke amfani da ita, wato mayar da madarar kindirmo. A tafasa lita ɗaya, in ta huce zuwa ɗumi a zuba cokali uku na kindirmo mai kyau, a rufe ta kwana, da safe a kaɗa a ba shi ba tare da an ɗumama ba. Tsamin ya riga ya rage zaƙin da ke kawo iskar. A fara da sirka rabi da rabi na kwana uku, kuma sai bayan naka ya warke.

Tambaya: Ina da ciki wata biyar. Yara sun nace maraya ya riƙa kwana a ɗakinsu saboda sanyi, ƙaramar har sumbatarsa take. Kwanan nan na ga ƙuraje masu ɓawo a leɓensa. Akwai matsala? Daga wata baiwar Allah, Rigasa.

Amsa: Akwai, Hajiya, kuma muna roƙon a gyara yau. Ƙurajen nan da alama ciwon bakin tumaki ne da wata ƙwayar bairos ke kawowa. Yakan warke da kansa cikin mako uku zuwa huɗu, amma yana kama mutum ta inda fata ta yage, ya fito a yatsa ko fuska. Kada a ɓamɓare ɓawon. Mai ba shi madara ya sa safar hannu ko leda, a shafa masa shuɗin maganin nan na jibi (GV), a ware masa robarsa. In ƙurajen sun zo da majina, kwantsa da zawo, likita ya gan shi, don wata cutar ce daban mai tsanani.

Kashin ɗan tunkiya, ko da lafiyarsa ƙalau, yana iya ɗauke da ƙwayoyin da ke sa yara amai da gudawa, kuma 'yan ƙasa da shekara biyar su suka fi jigata. Makero ma daga dabba yake tsallakowa kan yaro. A fitar da shi daga ɗakin, a yi masa wuri a zaure ko wani lungu da iska ba ta bugawa. Ban da sumba, ban da ba shi yatsa ya tsotsa, ban da cin abinci a wurinsa. Wanke hannu da sabulu da ruwa mai gudana, don man goge hannu na kwalba ba ya kashe wasu daga cikin ƙwayoyin. Kwalbarsa da sosonta kada su haɗu da kwanukan gida, balle fidar jariri.

Ke kuma ki janye hannu daga aikinsa har ki sauka. Tumaki masu haihuwa, mabiyiyarsu, ruwan haihuwa da sababbin 'ya'yansu suna iya ɗauke da cututtukan da ke jawo ɓari ga mace, musamman in ba a san abin da ya kashe uwar ba. Tsumman da aka goge shi da su ma wani ya wanke. In kin ji zazzaɓi, ki je asibiti ki gaya musu kin yi hulɗa da tumaki. Allah ya raba lafiya.

Tambaya: Mu a da ba mu san kwalba ba, wata uwar ake haɗa shi da ita. Na gwada, tunkiyar sai tunkurinsa take. Daga wani dattijo, Giwa.

Amsa: Baba, hanyarku ita ce ta fi, in ta samu babu kwalbar da ta kama ƙafarta. Tunkiya da hanci take gane ɗanta, don haka sai an rikita mata ƙanshin. In yanzu take haihuwa, ku shafe marayan da ruwan haihuwarta tun daga kai har wutsiya, ku ɗaure masa ƙafafu na ɗan lokaci don kada ya miƙe da wuri ta gane, ku miƙa mata shi ta lasa kafin nata. In nata ya mutu, ku feɗe fatarsa ku sa wa marayan ta rufe bayansa da gindin wutsiya, nan take shinshinawa, ku cire bayan kwana biyu ko uku. In duk babu, ku ɗaure ta gajere a turke inda za ta ci ta kwanta amma ba za ta juyo ta tunkure shi ba, a riƙe ta ya sha sau biyar a wuni. Da yawa sukan sallama cikin kwana huɗu zuwa mako guda, lokacin da ƙanshin nononta ya fara fita a kashinsa. Jar akuya mai nono ma tana shayar da shi. Sai dai ku duba hantsar, kada a ɗora wa mai tagwaye na uku.

Tambaya: Namu ya kai wata ɗaya, kuɗin madara ya fara yi mana nauyi. Yaushe zai fara cin abinci, yaushe za mu yaye shi, kuma wace allura ake yi masa? Daga wani manomi, Soba.

Amsa: Malam, da tun yana mako ɗaya aka fara ajiye masa abinci, amma ba a makara ba. Tumbin ɗan tunkiya ƙarami ne ba ya aiki, cin tsaki da harawa ne ke buɗe shi. Ka rataya masa ganyen harawar gyaɗa ko ta wake mai laushi, da ruwa mai tsafta a kwano marar zurfi. Ga haɗin kilo 10: ɓarzajjiyar masara kilo 5 da rabi, dusar alkama kilo 2, niƙaƙƙen ƙulin gyaɗa ko na waken suya kilo 2 da giram 300, gishiri giram 100, garin farar ƙasa na abincin dabbobi giram 100. Da an gama ba shi madara, yaro ya sa masa ɗan kaɗan a baki, a haka yake koya tunda babu uwar da zai kwaikwaya. Abin da ya kwana a zubar.

Ƙulin auduga da angurya a bari sai ya girma, akwai guba a cikinsu da tumbin babba ke iya kashewa, na ƙarami ba ya iyawa. Ƙulin da ya yi fumfuna a jefar. Abincin kaji da gishirin lasa na shanu suna da sinadarin tagulla fiye da abin da hantar tunkiya ke ɗauka. Dusa zalla kuma, ba farar ƙasa ba wadataccen ruwa, ita ke sa wa raguna tsakuwa a mafitsara, ka ga rago yana yunƙurin fitsari ba ya fita. Ka gargaɗi yara a kan ragowar tuwo, ƙanzo da burodi, da ɗanyen ɓawon rogo, da gyauron dawa. Sai leda. Maraya bin yara yake duk inda suka sa ƙafa, ledar alewa, ta biskit, ta fiyawota, duk haɗiyewa yake. Tana taruwa a tumbi, ya yi ta ramewa ga ƙaton ciki, kuma ba ta fita sai da tiyata. Tsince ledar tsakar gida kullum aiki ne da ko ɗan shekara huɗu zai iya.

Kada ka yaye shi da lissafin kwanaki kawai. Ya kai mako takwas, ya ninka nauyin haihuwarsa sau uku, wato kilo 6 zuwa 9 ga ɗan 'yankasa, yana cin giram 200 zuwa 250 na haɗin kullum, yana tuƙa, yana shan ruwa. In waɗannan sun cika, ka mayar da madara sau biyu na kwana biyar, sau ɗaya na kwana biyar, ka tsayar. Zai yi kuka kwana biyu ko uku, a ɓoye kwalbar kada yara su karaya.

Allurar da ba a wasa da ita ita ce ta PPR, annobar nan mai zuwa da majina, ciwon baki da zawo. Ana yin ta yana wata uku zuwa huɗu, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana sarrafa ta. Ka tambaya a ofishin dabbobi na ƙaramar hukumarku, ka kuma tambayi ta tetanos, musamman in bai sha dakashi sosai ba. Tunda kana kusa da Zariya, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika. Kafin allurar kada ka haɗa shi da dabbar da aka sayo daga kasuwa sai ta yi mako uku a ware. Maganin tsutsa sai ya fara kiwo, musamman da damina daga Yuni zuwa Oktoba. Ka riƙa jan fatar idonsa ta ƙasa, in ta yi fari maimakon ja, ko haɓarsa ta kumbura, tsutsar ciki na shan jininsa. A ba shi maganin bisa nauyi.

Tambaya: Ragon da yarana suka rena ya kai wata biyar, ya fara tunkurinsu, su kuma dariya suke. Sannan da niyyar layya muka bar shi, amma sun shaƙu da shi ƙwarai. Daga wani uba, Unguwar Mu'azu.

Amsa: Alhaji, a hana wasan nan daga yau. Ragon kwalba ba ya tsoron mutum, ɗan'uwansa yake ɗaukarsa, kuma da tunkuri raguna ke tantance babba. Abin da yake dariya a wata biyar, a shekara ɗaya rago mai kilo 30 ne da ƙaho, ga yaro kansa daidai tsayin goshinsa. Kada a tura masa goshi, kada a kama ƙahonsa, kada a ba shi abinci a tafin hannu. In za a shafa shi, a shafa ƙarƙashin haɓa ko ƙirji. A mayar da shi cikin sauran tumaki ya koyi zama da irinsa, ƙananan yara kuma kada su shiga garken sai da babba. In ba don barbara kake son sa ba, dandaƙa tana rage faɗan, kuma dandaƙaƙƙen rago ya halatta a layya. A wannan shekarun likita ne zai yi, da allurar kashe zafi da ta tetanos. Wutsiya kuwa a bar masa abarsa, tumakinmu masu gashi ne ba sa buƙatar yanke ta, yankewar ma tana iya hana shi shiga layya.

Ka lissafa shekarunsa kafin ka ƙudurta. Mashhurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne rago ya cika shekara ɗaya, wasu malamai kuma sun yarda da mai wata shida in ya yi jiki. Ka tuntuɓi malaminku.

Game da yaran, ka gaya musu gaskiya tun yanzu da sauran watanni, kada su tashi ranar Salla su tarar an kayar da shi. Ka bayyana musu abin da layya take nufi da ladan wanda ya kyautata wa dabbar. Wanda ya ce ba zai kalli yanka ba, kada a tilasta shi, kada kuma a yi masa dariya. In ka ga abin zai yi wa ƙananan nauyi, kana iya kai shi Zangon Tudun Wada ka sayar ka sayi wani, ka cire wani abu daga kuɗin ka saya musu 'yar tunkiya mace wadda za ta zauna ta haihu. In za ka yi hakan, ka tabbata kwanakin jira sun wuce tun maganin tsutsa ko allurar ƙarshe da aka yi masa, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin kwalbar maganin, don kada wanda ya saya ya ci naman da sauran magani a ciki.